Shafukan da Baba Ya Hana a Rufe

Ranar da na fara lura da saman allon kwamfutar Baba, na ɗauka lalacewa ta yi. Inda ya kamata a ga sunayen shafuka uku ko huɗu da mutum ya buɗe, sai na ga wasu 'yan siraran layuka jere reras daga wannan gefe zuwa wancan, kamar haƙoran matajin kai. Na matsa kusa na ƙura ido. Ashe shafuka ne. Kowane siririn layi shafi ne da aka buɗe ba a rufe ba, sun matse juna har babu wanda ya samu wurin nuna sunansa. Fankar cikin kwamfutar sai huci take yi, ƙasanta kuwa ya yi zafi rau.

"Baba, ai shi ya sa take tsayawa," na ce. "Bari in rage maka su."

Hannuna bai kai ga maus ba na ji ya ce, "Kul, Uwata!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Kada ki taɓa ko ɗaya. Akwai sunan Allah a cikinsu."

Baba malamin Larabci ne. Ya koyar a makarantun sakandare har ya yi ritaya, ya dawo ya zauna da littattafansa a gidanmu na Ƙofar Dumi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin hantsi ya same shi a wani wuri ba sai ɗakin karatunsa na kusa da zaure. Sai ga hawan jinin ido. Likita bai ɓoye mana komai ba: ganin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa jinkirta abin kawai yake yi, wanda ya rage kuma ba mai iya cewa ga tsawon kwanansa. Ganin Baba ya riƙa tsukewa daga gefe-gefe, har ya zama ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa tsaf, shi ma sai da haske sosai. Rubutun littafi ya gagare shi ko da tabarau. Yayana ne ya kawo masa tsohuwar laftof ɗinsa, ya nuna masa inda ake samun littattafan Larabci a intanet, da maɓallin da ke ƙara wa baƙaƙe girma. Nan da nan Baba ya farfaɗo, har da tsokanar Inna. Wannan allon shi ne littafin da ya rage masa, kuma duk gidan mun san haka.

To ga shi allon ya fara gardama. Baba zai danna abu, ya zauna jira har shayinsa ya huce. Wata rana hantsi ya ƙare bai karanta ko layi ɗaya ba.

Dalilin hanin nasa ba baƙo ba ne a wurina. A lungunmu, in ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ba ka tsallake ta. Ɗauka za ka yi, ka kaɗe mata ƙasa, ka soke ta a ramin katanga ko ka kai ta inda ake ƙonawa da mutunci. Da haka muka tashi, ni ma har gobe haka nake yi. Abin da ban taɓa zato ba shi ne a kawo wannan ladabin kan burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita.

"Baba, wannan fa ba takarda ba ce."

"Na san ba takarda ba ce. Amma kwandon shara yana nan a kusurwar allon, da idona na gan shi lokacin da ganina ya fi haka. Yayanki ya goge wani hoto, na tambaye shi ina ya tafi, ya ce cikin kwandon. To littafin da ya fara da Bisimilla ne zan jefa a ciki?"

"Shafin intanet ba ya shiga kwandon, Baba."

"To ina yake zuwa?"

Ni fa malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata, da shi nake cin abinci. Amma da ƙyar na ce, "Ba ya zuwa ko'ina. Ɓacewa yake yi."

"Ɓacewa," in ji shi, a hankali, yana jinjina kalmar. Nan na san na ƙara ɓata lamarin.

Rufe murfin laftof ɗin bai dame shi ba, wannan a wurinsa rufe littafi ne. Ko batir ya ƙare, yayana ya saita burauzar ta dawo da duk abin da aka bari a buɗe. Don haka shafukan sai taruwa suke yi, wata da watanni, sun haura ɗari nesa ba kusa ba.

A kan hanyata ta komawa gidana a Tirwun, cikin Keke, tambayar nan ta hana ni sakat. Haushi nake ji, rabi na taurin kan Baba, rabi na kaina da aka ƙure ni a fagen da nake taƙama da shi. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani ƙaiƙayi da na sani sarai, wanda tun ina yarinya yake sa ni kwance rediyon Inna in ga mai maganar. Ina shafi yake zuwa? Kuma kafin ya tafi, a ina yake zaune, wuri nawa yake ci?

Na fara da hanya mai sauƙi. Kwamfuta tana da rumbu, inda take ajiye kaya na dindindin, tana kuma da wani ɗan fili da ake ce wa ram, inda take baza abin da take aiki da shi a yanzu. Duk shafin da ke buɗe a kan wannan filin yake. In fili ya cika, sai ta shiga kai-kawo tsakaninsa da rumbu, ita ce tsayawar da Baba yake gani. Na kai laftof ɗin wurin wani mai gyara a bakin Kasuwar Muda Lawal in ƙara mata fili. Ya kwance ta, ya leƙa, ya ce irin wannan tsohuwa babu gurbin ƙari. Yayana ya ce a sayi sabuwa. Baba ya ce, "Waɗannan na ciki kuma a bar wa wa?" Aka bar maganar.

Sai na ce to, tunda ba a rage kayan, ba a kuma sake kwamfutar, bari in nemo burauzar da ta fi iya zama da su ba tare da ta cinye filin ba. Wata Asabar, Baba yana ƙailula, na kwashe adireshin shafukansa kaf a filashi, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta. Ban rufe ko ɗaya ba, Inna shaidata ce, don tana tsaye a kaina kamar 'yar sanda.

A ɗakin kwamfutocin makarantarmu akwai wata tsohuwa da ta yi daidai da ta Baba a ƙarfi. Da ita na yi awon, bayan an tashi ɗalibai. Abokiyar aikina, wadda muke koyar da darasin tare, 'yar kudancin jihar nan ce, Kirista, mace mai dariya kamar ba ta da matsala a duniya. Da na ba ta labari sai da ta riƙe ciki. Can kuma ta ce, "Malama, kar ki ga laifin shi. Mamana ma, ko kofi ka aje a kan Littafi Mai Tsarki, ranan ba za ka ci abinci a gidan ba." Daga nan ta ja kujera, aikin ya zama namu mu biyu.

Burauza uku muka ɗauka, muna kiransu da launin tambarinsu: ja, da shuɗiya, da mai ruwan lemo, wadda ita ce ke kan laftof ɗin Baba. A kwamfuta akwai wata taga da in ka buɗe za ta jero maka duk manhajar da ke aiki da abin da kowace take ci na ram. Na daɗe da sanin tagar, na ma sha koyar da ita, amma ban taɓa zama na kalle ta kallon tsaf ba. Abin mamaki na farko, burauza guda ba ta fitowa a layi guda. Tana rarraba kanta gida-gida, kowane da lambarsa, sai ka bi ka tara. Na biyu kuma, lambobin ba sa tsayawa. Kana kallo suna hawa suna sauka, kamar abu mai numfashi.

Awonmu na ranar farko shirme ne zalla. Mun buɗe ja, muka rubuta lambarta a farin allo, muka buɗe shuɗiya alhali ja tana nan ba mu kashe ta ba, su biyun suna ƙwace fili. Kashegari muka gyara: a kashe kwamfutar a kunna kafin kowane awo, shafuka iri ɗaya, a jeri ɗaya, a kuma ba su lokaci su natsu kafin a duba. Hakan yana nufin in buɗe shafukan Baba in rufe su sau ba adadi. Karon farko da zan danna alamar rufewa, yatsana ya tsaya a sama. Abokiyar aikina ta ce, "Malama, na ji fa. Bisimilla kika yi." Na ce ƙarya take. Ba ƙarya take ba.

Mun gano abubuwa da ban yi tsammani ba. Shafi da shafi ba ɗaya ba ne. Wanda yake rubutu ne zalla, ko da littafi ne sukutum, abin da yake ci kaɗan ne. Wanda kuwa hoton tsohon littafi aka ɗauka ganye-ganye, shi ne mai nauyi. Amma babban mai cin filin ba wannan ba ne. Akwai wani shafi na littafin nahawu da lambarsa take ta kumbura ko ba a taɓa shi ba. Muka bi diddigi, ashe wani talla ne a gefen shafin, bidiyon man gyaran gashi, wata mata tana ta kaɗa kai ba dare ba rana. Watanni tana kaɗa kai a gefen nahawun Baba. Muka yi dariya har da hawaye. Sai da na natsu na gane dalilin da bai taɓa ƙorafi a kanta ba: gefen ido ne ya fara tafiya, bai taɓa ganinta ba. Nan take na daina dariyar.

Da aka zo kwatanta burauzar kansu, ja da mai ruwan lemo ba su yi wa juna nisa ba. Yau wannan ta fi ci, gobe waccan, ya danganta da shafin da ya fara buɗewa. Shuɗiya ma da farko haka take. Amma wata rana aka kira mu taron malamai muka bar ta a kunne. Da muka dawo, lambarta ta faɗi warwas, ba ta kai rabin ta ɗazu ba, ga shafukan nan kuma duk a jere a sama, ba wanda ya ɓata. Na ce awon ne ya lalace. Muka sake, muka jira, ta sake faɗuwa. Na danna wani shafi daga tsakiya, ya yi fari na ɗan lokaci, sannan rubutun ya dawo, lambar ta ɗan ɗaga.

"Barci yake sa su," in ji abokiyar aikina. "Wanda ba a taɓa ba, sai ya kwantar da shi."

Haka ne kuwa. Shafin da ya daɗe ba a duba ba, sai shuɗiya ta saki abin da ke cikinsa, ta riƙe sunansa da adireshinsa kawai. In an taɓa shi ta koma ta ɗebo. Daga baya na ga sauran biyun ma ana iya koya musu hakan, ita dai da halinta ta zo. Na ji daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba. Ga maganin matsalar Baba, ba tare da an danna alamar rufewa ko sau ɗaya ba.

Abokiyar aikina ta ce in saita masa kawai in yi shiru, ai ba zai sani ba. Na yi tunanin hakan. Amma mutumin da ganinsa yake tafiya, abin da aka gaya masa shi ne idonsa. Ban iya ba.

Na same shi ranar Asabar da hantsi, na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi, kansa a karkace.

"In ya yi barcin, rubutun yana nan?"

"Sunansa yana nan, Baba. Rubutun kuwa ta sake shi."

"Ta sake shi ina?"

Wannan karon da shirina na zo. "Asalin littafin yana kan wata kwamfuta can nesa, wata ƙasa ma wataƙila. Abin da ke zuwa nan, haske ne ake jerawa ya yi kamarsa. In an saki, hasken ne ya koma yadda yake. Na can ko gezau."

"Allon karatu in an wanke, ruwan yana nan, ana sanin inda za a kai shi. Wannan ina ruwan wankinsa?"

"Babu tawada, Baba, balle ruwa."

Na ga abin ya kama shi, ba don tsoro ba, don daɗin tambayar. Fuskarsa ta koma irin ta lokacin da ɗalibi yake kawo masa jimla mai wuyar warwara. Can ya ce, "Wannan mas'ala ce. Ba a yi mata gaggawa."

Gaggawa! Na shiga madafa wurin Inna na fashe. Na ce mutum likita ya ce masa kwanan ganinsa ƙidayayye ne, ga magani a hannu, shi kuma ya tsaya nazari kamar yana da shekara ɗari a aljihu. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke kika gado shi ai," ta ce. "Makonni nawa kika yi kina awon naki?" Na ɗauki jakata na tafi ban ci abinci ba.

Nazarin ya ɗauke shi lokaci. Ya kai maganar wurin abokansa na masallaci, tsofaffin malamai irinsa, aka yi ta muhawara bayan La'asar har ta zama abin hira a unguwa. Wani ya ce a kiyaye ya fi. Wani ya ce ai wayar da ke aljihun kowa cike take da ayoyi, ana kashe ta ana kunnawa. Baba ya riƙa aiko mini da tambayoyi ta wayar Inna: in an ɗauke wuta a can inda asalin yake fa? Mutum nawa ne ke iya buɗe shafi guda a lokaci guda, kuma in dubu ne, littafi dubu ke nan ko ɗaya? Wasu na amsa, wasu sai da na je na bincika, kuma ba zan ɓoye ba, daɗin binciken nake ji ko ina cikin fushi. Laftof ɗin kuwa a wannan tsakanin ta kusa daina motsi gaba ɗaya. Ya daina ma buɗe ta.

Wata Asabar ina shiga ya ce, "Uwata, na gama. Madubi ne. Wanda ya ga littafi a madubi ya kifa madubin, bai wulaƙanta littafi ba. A sa su barcin. Amma alamar nan ta rufewa, ni dai hannuna ba zai danna ta ba, na riga na saba."

"Ba sai an danna ba, Baba."

Na ja laftof ɗin gabana. Na sa shuɗiya, na shigar da adireshin shafukansa a jerinsu na da, na toshe tallace-tallacen, na bar mai ruwan lemo da nata a ciki yadda suke, na dai daina kunna ta. Na jira shafukan suka kwanta. Na buɗe tagar awo na duba: fili ya samu, har da saura mai yawa, daidai da abin da muka gani a makaranta. Fankar ta yi tsit. Na tambaye shi wanne zan buɗe, ya ce littafin nahawun, babin da ya tsaya. Na danna, kafin in ɗauke yatsa ya fito. Na ƙara wa baƙaƙen girma kamar yadda ya saba, na ƙure hasken allon, na juya masa shi.

Ya gyara tabarau, ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"To," ya ce, "bari mu jira ta buɗe."

Na miƙa hannu na ƙara girman, na sake ƙarawa, har kalmomi kaɗan suka cika allon, kowace kamar tafin hannu. Ya matso da fuskarsa. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana neman ɗan wurin da ya rage masa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Daga waje ina jin ƙarar mashina a lungu da muryar mai sayar da kunu.

"Ta buɗe, ko?"

"Ta buɗe, Baba."

"Haske nake gani. Fari, da ɗan duhu-duhu a tsakiya."

Kuka ya taso mini, na danne shi da ƙyar, don na san in ya ji, ni zai koma lallashi. Ya zauna yana fuskantar allon kamar mai karatu. Sannan ya juyo inda ya ji numfashina.

"Awon naki dai ya yi daidai?"

"Ya yi daidai."

"Madalla. To jawo kujera, ki fara mini daga saman babin. A hankali, kada ki haɗiye wasula."

Larabcina na Islamiyya ne, na kuma daɗe da barinsa. Na rage girman baƙaƙen yadda idona zai iya bin layi, na share fuskata da gefen mayafi, na fara karantawa. Ban kai ƙarshen layin farko ba ya ɗaga yatsa ya gyara mini.